Anzim, dillalan da ba su karɓar la'ada

Duk wanda ya taɓa ɓara goro ya san in aka bar ɓarin a sarari, ba a jimawa sai fuskarsa ta rine ta yi duhu. Wanda ya tauna gutsuren burodi ko lomar tuwon dawa ya daɗe bai haɗiye ba, ya san ɗan zaƙin da ke fitowa daga baya, alhali ba a sa sukari ba. Matan gida sun san nama mai tauri yana laushi in aka naɗe shi cikin ganyen gwanda. Matan makiyaya na jihohin Tawa da Agadas kuma sun san ruwan da aka jiƙa wani yanki na tumbin ɗan akuya mai shan nono a ciki yana daskarar da madara ƙwarya guda, a yi cuku da ita.

A ido waɗanga abubuwa huɗu ba su da dangantaka, amma ga masana ilimin halitta asalinsu guda ne. Cikin goro, da miyau, da ganyen gwanda, da tumbin ɗan akuya, akwai wasu ƙananan ma'aikata da ido ba ya gani, waɗanda ake kira anzim. Ba dabba, ba tsiro, ba mikrob da zai rayu ko na minti guda in ba su. Sanin yadda suke aiki yana bayyana dalilin dabarun da kakanni suka bari, yana kuma bayyana yadda guba ke kisa da yadda magani ke warkarwa.

Sukari ba ya kamawa da wuta da kansa

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ake kira selil, wajen miliyar dubu 30, kuma galibinsu sai an jera kimanin 100 kafin su cika milimita guda. Cikin kowace selil ana ta haɗa wasu sinadarai ana wargaza wasu dare da rana. Sinadaran nan kuwa tarin ƙananan ƙwayoyi ne da masana ke kira molekil.

A ɗauki misalin sukari. Sukari makamashi ne kamar itace, in ya haɗu da iskar oksijan ya ƙone, ya ba da zafi, ya koma ruwa da gaz karbonik. Amma ƙwayar sukari tana iya shekara da shekaru bisa teburin ɗan kasuwa, iska na kewaye da ita, ba abin da zai same ta. Kafin ta ƙone sai an kai ta ga wuta mai zafin digiri ɗaruruwa. Dalili shi ne tsakanin sukari da ƙonewarsa akwai wani tudu da ya wajaba molekil su hau kafin su gangara, kuma a zafin ɗaki kusan babu wadda ke da ƙarfin hawansa.

To, ga abin mamaki. Wannan sukarin ne mutum ke sha cikin shayi, jikinsa ya ƙone shi sarai, ba harshen wuta, ba hayaƙi, a zafin digiri 37 kawai. Jiki bai ƙara wuta ba, tudun ya rage. Anzim kamar madugu yake wanda ya san mashigi tsakanin duwatsu: ayarin da da zai sha wahalar hawa sai ya bi ta ƙasa ya fita, kuma zangon da za a sauka bai sake ba.

Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Rai kuwa ba ya iya jira. Ga shekara ta 1995, masana biyu a Amurka, Anna Radzicka da Richard Wolfenden, sun auna wani aiki guda da selil ke yi wajen ƙera kayan gadon halitta. Suka tarar in ba anzim, sai an shekara miliyon 78 kafin rabin aikin ya kammala. Da anzim kuwa bai kai ƙiftawar ido ba. Hakanan cikin jini akwai wani anzim mai suna anidraz karbonik, wanda molekil ɗinsa guda ke iya sarrafa molekil ɗin gaz karbonik har miliyon guda cikin daƙiƙa ɗaya, domin jini ya kwashe shi ya kai huhu a fitar.

Abin da ya fi kama da anzim a kasuwa shi ne dillali. Mai saniya yana gefe guda, mai saye yana gefe guda, watakila su wuni ba su gamu ba. Dillali ya kamo hannun wannan ya kamo na wancan, ya daidaita su, ciniki ya faɗa, sa'an nan ya juya ga na gaba. Ba shi aka saya ba, ba shi aka sayar ba. Haka anzim ke fita daga aiki yadda ya shiga, shi ya sa ɗan kaɗan ke isa ga aiki mai yawa. Bambancinsa da dillalin kasuwar Maraɗi guda ne, ba ya karɓar la'ada. Kuma kamar yadda dillali ba ya ƙirƙiro saniyar da babu, anzim ba ya sa ruwa ya hau tudu. Abin da zai yiwu ne kawai yake gaggautawa.

Daga shirwa zuwa yis

Da can masana sun daɗe suna gardama bisa yadda ciki ke narkar da abinci, wasu na cewa niƙa ne kamar na dutsen niƙa. Ga shekara ta 1752, wani Bafaranshe mai suna Réaumur ya sa nama cikin ƙananan bututun ƙarfe masu raga a baki, ya ba shirwa ta haɗiye. Da yake shirwa takan amayar da abin da ba ta iya narkarwa, sai bututun suka dawo ba su lotsa ba, amma naman ciki ya soma narkewa. Ashe akwai wani ruwa da ke cin nama ba tare da niƙa ba.

Ga shekara ta 1833, Anselme Payen da Jean-François Persoz, su ma a Faransa, suka fitar da wani abu daga tsiron sha'ir wanda ke maida sitaci sukari, suka sa masa suna diyastaz. Shi ne anzim na farko da aka ware. Bayan shekara biyu, Berzelius na ƙasar Suwidin ya raɗa wa irin wannan aiki na gaggautarwa suna kataliz. Kalmar anzim kanta wani Bajamushe, Wilhelm Kühne, ya ƙago ta ga shekara ta 1877 daga harshen Girka, ma'anarta «cikin yis», watau yis ɗin da ke kumbura burodi.

Babbar gardama ta zamanin nan a kan yis ɗin ta tsaya. Louis Pasteur ya nuna yis abu ne mai rai, ya kuma tsaya bisa cewa sukari ba ya tsima sai da selil mai rai. Pasteur ya rasu ga shekara ta 1895. Ga 1897 sai Eduard Buchner ya niƙe yis da rairayi har selil suka farfashe, ya matse ruwan, ya zuba masa sukari. Ruwan nan da babu mai rai a ciki ya shiga kumfa, sukari ya tsima. Nan aka gane selil ce ke ƙera ma'aikatan, amma ma'aikatan suna iya aiki ko bayan an rushe gidan. Buchner ya sami lambar Nobel ga shekara ta 1907.

Saura a san da me aka yi su. Ga shekara ta 1926, James Sumner na Amurka ya tace wani anzim mai suna ureyaz daga wani irin wake, har ya fito tsantsa kamar ƙwayoyin gishiri, ya nuna furotin ne, dangin abin da ke cikin farin ƙwai da nama. Manyan masana sun yi shekaru suna musu kafin su yarda, daga baya aka ba shi Nobel ga 1946. Cikin shekarun 1980 aka gano ƴan kaɗan da ba furotin ba, amma mafi yawa furotin ne.

Kowane kwado da mabuɗinsa

Furotin kamar tsakiya yake da aka shirya a zare, sai dai duwatsun iri 20 ne, ana ce musu asid amine. Zaren yakan ɗauki duwatsu ɗari ko ɗaruruwa, kuma ba ya zama a miƙe. Yana nannaɗewa ya dunƙule bisa wani tsari da jerin duwatsun ya hukunta, har ya bar wani ɗan gurbi a jikinsa. Cikin gurbin nan ne aiki ke gudana. Molekil ɗin da za a sarrafa ta shiga ta zauna, anzim ya riƙe ta, ya ɗan murɗa ta ko ya matso da ita kusa da abokiyar haɗinta, har mahaɗin da ake so ya tsinke ko ya ƙullu. Abin da aka ƙera ya fita, gurbi ya koma fanko.

Tun da kowane gurbi da siffarsa, kowane anzim da aikinsa. Amilaz na miyau yana yanka sitaci, shi ne mai fito da zaƙin lomar tuwo, amma ba ya taɓa nama. Pepsin na ciki yana yanka nama, ba ruwansa da mai. Emil Fischer ya kwatanta wannan da kwado da mabuɗi ga shekara ta 1894. Ga 1958 Daniel Koshland ya gyara kwatancin, ya ce gurbin ba ƙarfe ba ne, yana ɗan lanƙwasa ya rungumi abin da ya shigo, kamar takalmin fata da ke bin siffar ƙafa.

Wannan ne ya sa saniya ke ƙoshi da kara da ciyawa, mutum kuwa ba ya iyawa. Kara da sitaci duk da sukari iri guda aka gina su, ɗaurin ne ya bambanta. Mutum ba shi da mabuɗin ɗaurin kara. Ita ma saniya ba ta da shi, mikrob ɗin da ke zaune cikin tumbinta ne ke da shi, suna yi mata aiki tana ba su masauki.

Wasu anzim ba su aiki sai da mataimaki. Anidraz karbonik yana buƙatar tutiya, wasu ƙarfe, da yawa kuma bitamin na rukunin B. Shi ya sa abin da jiki ke so na bitamin bai taka kara ya karya ba, amma rashinsa ciwo ne.

Zafi da tsami

Tun da aikin anzim ya rataya ga siffarsa, duk abin da ya ɓata siffar ya kashe aikin. Na farko shi ne zafi. Ɗumi yana ƙara masa sauri, amma in ya wuce kima sai zaren ya warware, kamar farin ƙwai da ya dahu, wanda ba ya komawa ɗanye. Mai kunun zaƙi ta san wannan ko ba ta san sunansa ba: ba ta zuba tsiron dawa ko niƙaƙƙen dankali cikin kunu yana tafasa, sai ya ɗan huce, sa'an nan ta rufe ta bar shi ya kwana. Da safe kunu ya tsinke ya yi zaƙi, domin amilaz na tsiro ya kwana yana yanka sitaci. Da ta zuba cikin tafasa, da ta dafa ma'aikatanta.

Sanyi kuwa ba ya kashe anzim, yana rage masa sauri ne, dalilin ke nan da abinci ke jimawa cikin firigo. Rashin ruwa ma yana tsayar da shi, wannan ne sirrin kilishi da busasshen tumatir. Na uku shi ne tsami. Pepsin ba ya aiki sai cikin asid mai ƙarfi na ciki, tiripsin da ke karɓar aikin cikin hanji kuwa ba ya son tsami ko kaɗan. Ɓarin goro yana rinewa ne domin wani anzim nasa ya gamu da oksijan, kuma ruwan lemun tsami yana rage irin wannan rini ga ɗiyan itace da aka yanka.

Tsarin aiki cikin selil

Cikin selil guda akwai anzim iri dubbai, kuma ba kara zube suke ba. Suna aiki ne a jere kamar magina masu miƙa wa juna tubali, abin da wannan ya gama shi ne kayan aikin na gaba. Matakin farko na ƙona sukari kaɗai yana da hawa 10, kowane da anzim ɗinsa. Ta haka ƙarfin da ke cikin sukari ke fita kaɗan-kaɗan, selil ta adana shi cikin wata molekil mai suna ATP, maimakon ya fita gaba ɗaya ya ƙone gida. In kuma abin da ake ƙerawa ya yi yawa, shi da kansa yakan koma ya maƙale wa anzim na farkon layi ya tsayar da shi, kamar magini na bisa katanga da ke cewa a dakata da miƙo tubali.

Tsarin kowane anzim yana rubuce cikin ADN, littafin gado da ɗa ke karɓa daga uwa da uba. Saboda haka mutane sun bambanta. Kowane jariri yana da laktaz, anzim mai narkar da sukarin madara, amma ga mafi yawan mutanen duniya yana raguwa bayan yaye. Da yawa daga Fulani da Abzinawa, da kakanninsu suka daɗe suna kiwo, suna riƙe shi har tsufa. Wanda ba shi da shi, ɗanyar madara tana kumbura masa ciki, nono mai tsami kuwa ya fi karɓarsa, domin mikrob sun riga sun cinye wani kashi na sukarin.

Akwai bambancin da ya fi wannan hatsari. Wajen mutum miliyon 400 a duniya an haife su da ƙarancin wani anzim mai suna G6PD, wanda ke kare jajayen selil na jini, kuma abin ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga maza. Mai shi yana zaune lafiya lau, sai ran da ya sha wasu magunguna, kamar pirimakin na zazzaɓin cizon sauro, ko aka sa wa jariri tufafin da aka ajiye da ƙwayoyin naftalin masu korar ƙwari. Sai jini ya farfashe, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi baƙi. Wannan kaɗai ya isa dalilin kada mutum ya ba ɗan'uwansa ragowar maganinsa don ya ga ciwonsu iri guda ne.

A gona

Kashi 78 cikin 100 na iska azot ne, abincin da hatsi ke nema, amma tsiro ba ya iya cinsa daga iska. Masana'antun takin zamani suna kama shi ne da zafin digiri 400 zuwa 500 da matsi mai tsanani. Cikin ƴan ƙululun da ke jikin saiwar wake da gujiya kuwa, wasu mikrob suna wannan aiki a zafin ƙasa, da anzim mai suna nitrojenaz. Manomi na iya dubawa da kansa: in ya tsaga ƙululun ya ga cikinsa ja-ja, aiki na tafiya. Hikimar haɗa wake da hatsi gona guda, ko sauya su shekara-shekara, daga nan take.

Ureyaz ɗin nan na Sumner ma yana cikin ƙasar gona, mikrob ke fitar da shi. Shi ne ke kwance takin ure domin shuka ta samu. Amma in aka watsa ure bisa ƙasa aka bar shi a rana, wani kashi na azot ɗin yana tashi ya bi iska. Shi ya sa ma'aikatan gidan gona ke cewa a turbuɗe shi cikin ƙasa mai laima, kada kuɗin manomi ya tafi a banza.

Guba da magani

Rogo mai ɗaci yana ajiye wani sinadari wuri guda cikin selil, anzim ɗin da ke fasa shi kuma wani wuri daban. In aka gurza rogo, su biyun suka gamu, sai gubar siyanir ta fito. Ita kuwa gubar tana kisa ne ta hanyar toshe anzim na ƙarshe a layin da selil ke amfani da oksijan. Masu garin rogo suna gurzawa, su matse, su bar shi kwanaki, sa'an nan su soya. Watau suna ba anzim lokaci ya fitar da guba, wuta ta kore ta. Wanda ya gaggauta saboda yunwa ko neman riba, ya bar guba cikin abinci. A wasu ƙasashen Afirka ta Tsakiya da ta Gabas wannan ya jawo ciwon shanyewar ƙafafu da ake kira konzo.

Hatsarin da ya fi kusa da gidajen manoma shi ne maganin ƙwari. Duk sa'ad da jijiya ta aika wa tsoka umarni, akwai anzim mai suna kolinesteraz da ke share saƙon nan da nan, domin tsoka ta huta. Magungunan feshi da yawa, har da wanda ake kira fiya-fiya a kasuwa, suna shiga gurbin wannan anzim su maƙale, kamar karyayyen mabuɗi cikin kwado. Ƙwaro ya mutu da karkarwa. To, anzim ɗin ƙwaro da na mutum ƴan'uwa ne, kuma maganin yana shiga ta fata da numfashi, ba ta baki kaɗai ba. Alamunsa su ne dalala, da zufa, da amai, da rawar jiki, da ƙanƙancewar baƙin ido, da sarƙewar numfashi. Wanda abin ya sama, a tuɓe masa tufafin feshi, a wanke shi da ruwa da sabulu, a kai shi gidan likita maza tare da kwalbar maganin. Madara ba makarinsa ba ce, kuma kada a tilasta masa amai. Zuba irin wannan magani cikin waken da za a ci, ko ɗiban ruwan sha da tsohuwar galan ɗinsa, wasa ne da rai.

Dabarar toshe kwado ita ce kuma likita ke amfani da ita. Penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano ga shekara ta 1928, yana toshe anzim ɗin da mikrob ke gina katangar jikinsa da shi. Selil ɗin mutum ba ta da irin wannan katanga, shi ya sa mikrob ke mutuwa majinyaci ya tashi. Aspirin yana toshe anzim mai ƙera sinadaran raɗaɗi da kumburi, yawancin magungunan sida kuma suna toshe anzim ɗin da ƙwayar cutar ke hayayyafa da su. Sai dai mikrob ma ba barci suke ba. Tun shekara ta 1940 Abraham da Chain a Ingila suka gano wasu mikrob na da anzim mai yanka penisilin kansa. Duk lokacin da aka sha irin waɗanga magunguna ba bisa ƙa'ida ba, masu rauni ne ke mutuwa, masu wancan anzim su saura su yaɗu, har a wayi gari magani ya daina ci.

Mai kunu da mai cuku sun daɗe suna sarrafa anzim da gwaninta, domin sun gaji sanin iyakarsa: ga zafin da yake so, ga lokacin da za a ba shi. Maganin feshi da ƙwayoyin da ake tallarsu a tire kuwa sababbin baƙi ne, ba su zo da irin wannan gado ba. Wanda zai taɓa su, ya kamata ya tambayi ma'aikacin gidan gona ko lokotoro tun kafin ya buɗe kwalba, gama rigakafi ya fi magani.